RA'AYI: Baƙin ramin tsakiyar taurari ba dodo ba ne, kuma daga Doma ana iya tabbatar da hakan

A bazarar da ta wuce wata hidimar biki ta kai ni Doma, na kwana uku a gidan ƙanwata. Watan Afrilu ne, zafi ya hana kowa kwanan ɗaki, wuta kuwa an ɗauke tun la'asar, saboda haka muka baje tabarmi a tsakar gida. Can wajen ƙarfe huɗu na dare, kafin a kira assalatu, na ji ɗanta na biyu, wanda ke aji biyar a sakandare, yana ta juye-juye. Da na tambaye shi abin da ya hana shi barci, sai ya miƙo mini waya. Wani gajeren bidiyo ne da ake ta turawa a WhatsApp, an ɗora masa kiɗa mai tayar da hankali da murya cikin Hausa. Wai akwai wani ƙaton baƙin rami a tsakiyar taurari, maganaɗisunsa ne ke riƙe da komai, kullum yana zuƙe taurari, kuma sannu a hankali yana jawo duniyarmu zuwa bakinsa. "Kawu," in ji shi, "da gaske ne mu ma wata rana zai haɗiye mu?"

Na ce ya ajiye wayar, ya ɗaga kai ya dubi kudu. Wanda ya girma a Abuja ko Kano bai san wannan samaniya ba. Inda babu fitilun titi, farin zanen nan mai kama da hayaƙi yakan ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Ga taurarin Kunama sun lanƙwasa wutsiya, ga kuma wurin da zanen ya fi kauri da haske, kusa da ƙarshen wutsiyar. Na nuna masa da yatsa na ce abin da yake tsoro yana can, a bayan wancan hazon. Akwai shi, wannan kam gaskiya ne. Sauran abin da bidiyon ya faɗa ƙarya ce, kuma ƙaryar da ɗan sakandare zai iya rushewa da lissafin da ke cikin manhajarsa, in da ana koya masa ita yadda ya kamata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ra'ayina shi ne, ba mu da uzurin barin yaranmu suna karɓar labarin sama daga masu neman a kalli bidiyonsu, alhali saman da ake magana a kai ya fi bayyana a tsakar gidajen Doma fiye da yadda yake bayyana a garuruwan da suka ci kyautar Nobel a kansa. Kuma hanyar gyara ba ta bukatar biliyoyin naira.

Kafin a je nan, sai an kawar da kalmomi biyu da ke ɓatar da mai sauraro. Ta farko ita ce "maganaɗisu", wadda kafafen labaranmu suka saba fassara wannan ƙarfi da ita. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ya bar itace da ruwa da mutum. Ƙarfin da ke mayar da mangwaro ƙasa idan ya tsinke ba ya zaɓe. Duk abin da ke da nauyi yana jan duk wani abin da ke da nauyi, gwargwadon nauyinsu, kuma jan yana raguwa da sauri idan tazara ta ƙaru: a ninka nisa sau biyu, ja ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, a ninka sau goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Zan riƙa kiran sa jan nauyi. Kalma ta biyu ita ce "rami" ɗin kanta. Rami wuri ne da aka kwashe abin da ke ciki. Wannan kuwa akasin haka ne, wuri ne da aka cusa nauyi mai yawan gaske a ɗan ƙanƙanin fili. Idan ka jefa dutse sama yakan dawo, sai fa idan gudunsa ya haura kilomita 11 a daƙiƙa, a nan ne zai kuɓuce wa duniya. Tun a 1783 wani malamin Ingila mai suna John Michell ya yi tunanin cewa za a iya samun tauraron da nauyinsa ya kai matsayin da ko haske, mai gudun kilomita dubu 300 a daƙiƙa, ba zai kuɓuce masa ba. Ka'idar Einstein ta 1915 da lissafin da Karl Schwarzschild ya fitar daga cikinta a 1916, yana soja a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, su suka ba wannan tunani ginshiƙi. Da za a matse rana har faɗinta daga tsakiya zuwa baki ya koma kilomita 3, da ta zama baƙin rami. Duniyarmu kuwa sai an matse ta ta koma kamar ƙwayar gurjiya.

Ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Da a ce yau rana ta rikiɗe ta zama baƙin rami mai nauyinta na yanzu, duhu da sanyi za su hallaka mu, amma duniya ba za ta gusa daga hanyarta ko taku ɗaya ba. Za ta ci gaba da kewayenta na kwana 365, domin nauyin da ke jan ta bai ƙaru ba. Baƙin rami ba ya zuƙa kamar bakin famfo. Haɗarinsa na wanda ya matso dab da shi ne.

Ranarmu ɗaya ce daga cikin taurari fiye da biliyan 100 da suka taru a gungu guda mai siffar faifai, irin gungun da masana ke kira galaksi. Farin zanen da na nuna wa yaron shi ne wannan faifai, muna kallon sa daga ciki. Tsakiyarsa tana da nisan da haske zai shekara kimanin dubu 26 yana tafiya kafin ya iso mu, kuma ƙura ta tare ta, ido ba ya ratsawa. To yaya aka yi aka san abin da ke can? Wannan ne ɓangaren labarin da ya fi burge ni, ya ma fi hoton da aka yi ta yaɗawa.

A farkon shekarun 1930 wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, yana neman abin da ke kawo shuu a layukan rediyo, sai ya gano cewa wani sashe na ƙarar daga wannan kusurwa ta sama yake fitowa. A 1974 Bruce Balick da Robert Brown suka tsinkayi wani ɗan ɗigo mai ƙarfin siginar rediyo a daidai tsakiyar, wanda daga baya aka raɗa wa suna Sagittarius A*. Amma ɗigo ba hujja ba ne. Hujjar ta zo ne daga tawagogi biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Reinhard Genzel na cibiyar Max Planck da ke Jamus, ɗaya ƙarƙashin Andrea Ghez ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Tun daga shekarun 1990 suka zauna, shekara bayan shekara, suna ɗaukar hoton ƴan taurarin da ke kusa da ɗigon da na'urorin da ke ganin hasken da ke ratsa ƙura, Jamusawan daga duwatsun Chile, Amurkawan daga tsibirin Hawayi. Kowace shekara taurarin kan ɗan gusa kaɗan. Suka yi ta rubutawa. Ɗaya daga cikin taurarin, wanda ake kira S2, ya nuna yana kewaya wani abu da ba a gani, yana kammala zagaye ɗaya cikin shekara 16. A 2002 ya zo mafi kusa da abin, ya sake zuwa a watan Mayun 2018, yana gudun kimanin kilomita 7,700 a daƙiƙa, gudun da zai kewaye duniyarmu cikin daƙiƙa biyar da ɗoriya. Wanda ya san faɗin kewaye da tsawon lokacinsa ya san nauyin abin da ake kewayawa, da lissafin da Kepler da Newton suka bari tun ƙarni na 17. Amsar ita ce nauyin rana sau miliyan 4, a dunƙule cikin fili ƙanƙane, kuma ba ya haske irin na taurari. A 2020 aka ba Genzel da Ghez rabin kyautar Nobel ta fiziks, ɗaya rabin kuma aka ba Roger Penrose na Ingila.

Miliyan 4 adadi ne mai razanarwa, kuma a nan ne masu bidiyo ke tsayawa su ƙara wa kiɗa sauti. Mu ci gaba da lissafin. A gidan rana, wato rana da duniyoyin da ke kewaya ta, rana ce ke da fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin duka, shi ya sa na kusa da ita ke gudu, na nesa ke jan ƙafa. Duniyar da ta fi kusa tana gudun kilomita 47 a daƙiƙa, tamu 30, ta can ƙarshe ba ta kai 6 ba. Idan da baƙin ramin ne ke riƙe da gungun taurarinmu kamar yadda rana ke riƙe da mu, to a nisan da muke, gudun da ranarmu za ta riƙa yi a kewayenta ba zai kai kilomita 2 a daƙiƙa ba. Amma da aka auna, sai aka samu tana gudun kimanin kilomita 230 a daƙiƙa, tana cika zagaye ɗaya cikin shekara miliyan 200 da wani abu. Abin da zai riƙe mai irin wannan gudu a hanya sai nauyin rana kimanin biliyan 100. Wato a cikin nauyin da ke jan ranarmu zuwa tsakiya, rabon baƙin ramin kashi ɗaya ne cikin dubu 25. A buhun shinkafa mai kilo 100, wannan cikin ƙaramin cokali ne. Sauran buhun taurari ne da iskar da ke tsakaninsu, da kuma wani ɓoyayyen nauyi da ba ya haske, wanda aikin Vera Rubin da abokan aikinta a shekarun 1970 ya tilasta wa masana yarda da shi. Ikon baƙin ramin bai wuce unguwarsa ba, ƴan shekarun tafiyar haske kaɗan a kewayensa. Da za a ɗauke shi yau, S2 da maƙwabtansa za su watse, mu kuwa ko a jikinmu.

Na lura marubuta irina na son aron wannan suna idan za su soki baitulmali ko wata ma'aikata, su ce ta zama baƙin rami mai haɗiye kuɗi. Aron bai dace ba, har ma an zalunci ramin. Namu na tsakiya ɗan azumi ne. Masu binciken da suka ɗauki hotonsa sun kwatanta cewa da mutum ne, gwargwadon jikinsa, ƙwayar shinkafa ɗaya zai ci a shekara miliyan.

Kada a ɗauka ina cewa waɗannan ramuka ba su da tasiri. Suna da shi, sai dai ba ta hanyar da ake zato ba. Iskar da ke gangarawa cikinsu takan yi kewaye tana gogayya, ta yi zafin da ya wuce misali, har kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta ya koma haske da zafi, alhali wutar da ke cikin rana ba ta fitar da ko kashi 1. Shi ya sa abin da Maarten Schmidt ya gano a 1963, wani ɗigo mai suna 3C 273 da ya fi dukkan taurarin gungunmu haske, ya zamo baƙin rami ne da ke cikin cin abinci. A gungun M87 akwai wanda nauyinsa ya kai na rana sau biliyan 6 da rabi, yana feso wani harshen wuta mai tsawon dubban shekarun tafiyar haske, wanda Heber Curtis ya fara lura da shi tun 1918 ba tare da ya san mene ne ba. Irin wannan feshi na ɗumama iskar da ke kewaye, ya hana ta sanyin da za ta dunƙule ta haifi sabbin taurari. An kuma gano, wajen shekarar 2000, cewa girman ramin na tafiya daidai da girman curin taurarin da ke tsakiyar gungunsa. Wane ne ya fara, ramin ko gungun? Har yanzu ana muhawara, kuma na'urar James Webb da aka harba a ƙarshen 2021 ta ƙara dagula lissafin, domin tana hango manyan ramuka tun a farkon zamani, lokacin da ake ganin bai kamata a ce sun yi wannan girma ba. Ga fage a buɗe, ana neman ma'aikata.

To ina Doma a cikin wannan? Doma na kan layin digiri 8 da ɗan kai arewa da tsakiyar duniya. Daga nan, tsakiyar gungun taurarinmu kan hau sama har fiye da digiri 50, wato ta wuce rabin hanya zuwa tsakar ka. Daga Garching, inda cibiyar Genzel take, ba ta wuce digiri 13, tana rarrafe a gindin sama, dalili ɗaya ke nan da ya sa suke tattaki zuwa Chile. Kuma wurin ba baƙo ba ne a wurin malamanmu. Masu ilmin hisabi a ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙidayar masaukan wata 28, da su ake sanin shigowar damina da lokacin shuka. A cikin jerin akwai Ƙalbu, jan tauraron nan na ƙirjin Kunama, sai Shaula a ƙarin wutsiyarta, sai Na'a'imu. Tsakiyar gungun na nan tsakanin Shaula da Na'a'imu. Washegarin wannan dare na kai gaisuwa wurin wani dattijon malami a unguwar, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko ana ganin Shaula yanzu?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce sai goshin asuba, kuma idan ta fara fitowa da almuru to ruwa ya zauna. Mutumin da bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba ya san jadawalin wurin da aka ci Nobel a kansa. Jikokinsa kuwa, masu karatun fiziks a makaranta, ba za su iya nuna shi ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Doma ba za ta zama Chile ba. Irin na'urorin da suka bi sawun S2 na son tsauni mai tsawo da busasshiyar iska. Mu kuwa muna kwarin Binuwai, ga laima, ga gajimare rabin shekara, ga ƙurar hunturu a ɗaya rabin. Duk wanda ya zo wa gwamnati da takardar kwangilar gina irin wannan a nan, a bincike shi. Amma akwai wata taga da gajimare ba ya rufewa. Iskar haidirojin da ta cika tsakanin taurari tana fitar da siginar rediyo mai tsawon zango santimita 21, wadda ke ratsa hadari da ƙura, dare da rana. Harold Ewen da Edward Purcell ne suka fara kama ta a Jami'ar Harvard a 1951, da wani mazurarin ƙarfe da suka zuro ta taga, da tallafin dala 500. A yau ɗalibai a ƙasashe da dama na maimaita wannan da tsohon farantin tauraron ɗan'adam mai faɗin mita biyu ko uku, da ƴar na'urar ƙara sigina, da wani ɗan abu mai kama da filashi da ake soka wa kwamfuta. Idan iskar na matsowa gare mu ko tana nisanta, zangon siginar kan ɗan sauya, kamar yadda jiniyar mota ke sauya murya idan ta wuce ka. Daga wannan sauyi ake fitar da gudun kewayen sassan gungun, na kusa da tsakiya da na nesa. Ɗalibin da ya zana wannan jadawali da hannunsa zai ga gudun bai faɗi ba yadda zai faɗi da a ce nauyin duka a tsakiya yake. Ya rushe bidiyon nan da awonsa, ba da faɗar kawunsa ba.

Irin waɗannan manyan farantai, da masu hali suka kafa a shekarun 1990, suna nan suna tsatsa a bayan gidaje a Lafiya da Keffi da Akwanga. Doma na da kwalejin fasaha ta tarayya. Lafiya, wadda tafiyarta ba ta kai awa guda ba, na da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Keffi na da jami'ar jiha. Gefen madatsar ruwan Doma akwai fili da duhu da ƙarancin hayaniyar na'urori. Abin da ya rage shi ne malami ɗaya ko biyu da za a ɗora wa aikin, da faifan sola da batir, da ɗan kasafin da ba za a yanke ba bayan shekara guda.

Ba kuma yau ɗan Najeriya ya fara shiga wannan fage ba. Samuel Okoye, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Nsukka, yana ɗalibin digirin digirgir a Kambirij ƙarƙashin Antony Hewish ne a tsakiyar shekarun 1960 suka gano wani baƙon ɗigon rediyo a cikin ragowar wani tauraro da ya fashe, ɗigon da daga baya aka tabbatar gawar tauraron ce mai juyawa. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiya a Nsukka domin irin wannan ilmi. Duk da haka, lokacin da aka haɗa na'urori takwas a watan Afrilun 2017 domin ɗaukar hoton farko na baƙin rami, wanda aka fitar ranar 10 ga Afrilun 2019, da na tsakiyar gungunmu da aka fitar ranar 12 ga Mayun 2022, akwai su a Chile da Meziko da Sifen da Amurka har da ƙarshen kudancin duniya mai ƙanƙara, amma babu ko ɗaya a Afirka. Ƙanƙantar abin da suka hango kamar mutum ya tsaya a Doma ya hango waina guda a doron wata ne. Yanzu ana shirin cike giɓin da wata na'ura a Namibiya. Afirka ta Kudu ta buɗe farantai 64 na MeerKAT a 2018, kuma hoton da ta yi bikin buɗewar da shi na tsakiyar gungunmu ne. Ghana ta ɗauki tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ta mayar da shi na binciken sama a 2017. Mu ma mun yi irin waɗannan tashoshi a Lanlate da Kujama. A cikin ƙasashen Afirka takwas da ke ƙawance da Afirka ta Kudu a babban aikin SKA akwai Ghana da Kenya da Zambiya, babu Najeriya.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ƙanwata ta riga shi faɗa. Mutanen da ke fama da tsadar taki, da rikicin manoma da makiyaya, da hanyar da ba ta fitar da doya da riɗi zuwa kasuwa, ina ruwansu da abin da ke nisan shekara dubu 26? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan amsa ta da cewa ilmi ado ne ba. Amsata ita ce, sana'ar da Genzel da Ghez suka yi, wato auna abin da ba a gani ta hanyar jan da yake yi, ita ce sana'ar da jihar Nasarawa ke sayowa daga waje da tsada. Jihar na kiran kanta gidan ma'adinai. An buɗe masana'antar sarrafa litiyam a cikinta a 2024. An fara haƙar rijiyar neman mai ta Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi, maƙwabciyar Doma, a watan Maris na 2023. Daga cikin hanyoyin da masu binciken ƙasa ke bi kafin su haƙa akwai yawo da na'urar da ke auna ɗan bambancin jan nauyi daga wuri zuwa wuri, domin dutse mai nauyi da ke binne ya fi yashi ja. Doka ɗaya ce, lissafi ɗaya ne. Yaron da ya koyi tace raunanniyar sigina daga cikin hayaniya, ya ƙiyasta kuskuren awonsa, ya rubuta manhajar da za ta zana sakamako, ba zai rasa aiki a kamfanin sadarwa ko na ma'adinai ba. Wani muhimmin sashe na fasahar Wi-Fi ma ya fito ne daga hannun injiniyoyin Ostireliya ƙarƙashin John O'Sullivan, wanda ya fara da neman siginar ƙananan baƙaƙen ramuka, bai same su ba, amma dabarun da ya ƙware a kansu suka yi amfani a wani wuri. Gwamna Abdullahi Sule injiniya ne, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Abin da na fi jin tsoro ba kuɗi ba ne, ɗorewa ce. Mu mutane ne masu son bikin buɗewa. Za a iya yanka kintinkiri a gaban faranti, a ɗauki hoto, bayan wata shida batir ya mutu, malamin da ya san kan abin a yi masa canjin wurin aiki. Aikin S2 ya ci kusan shekara 30, ɗalibai sun shigo sun kammala sun zama furofesoshi a kansa, kuɗin bai tsaya ba. A watan Mayun 2018 tauraron bai jira kowa ba, wanda na'urarsa ba ta aiki a makonnin nan sai ya jira wata shekara 16. A nan kuwa jami'o'in tarayya sun kasance a rufe daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, bayan wata tara da aka yi a 2020. Ko wane ne mai laifi a wannan taƙaddama, awon da aka katse wata takwas ya sami giɓin da ba a cikewa. Shi ya sa nake ganin a fara da ƙarami, a makarantar sakandare da kuma jami'a a lokaci guda, ta yadda idan ɗaya ta tsaya ɗaya na rubutawa. A kuma wajabta fitar da sakamakon kowane zango cikin Hausa da Alago a gidan rediyon jiha, a gayyato masu hisabi irin dattijon nan su zauna da ɗaliban, domin su ne suka san sunayen wuraren, kuma su ne kaɗai a garin da suka saba duban abu ɗaya shekara 40 ba su gaji ba. Muna da kwamitin duban wata na ƙasa da ke fita kowane ƙarshen wata, saboda haka al'adar fita a duba a rubuta ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ɗan ƙanwata ya yi lissafin gudun rana a bayan katin gayyatar bikin, da na'urar lissafin wayar da ta tsorata shi. Sau biyu yana kuskuren sifili, a karo na uku ya sami kilomita ɗaya da rabi. Ya dubi 230 da na rubuta masa a gefe, ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, sauran nauyin yana ina?" Na ce masa mafi yawan nauyin gungun nan ba a san ko mene ne ba tukuna, kuma wanda ya gano shi ma Nobel na jiran sa. Ya tambaye ni ko a makarantarsu akwai abin da zai auna da shi. Babu. Ɗakin gwajinsu, in ji shi, an mayar da shi wurin ajiye karyayyun kujeru tun yana aji ɗaya. S2 zai sake zuwa dab da ramin a 2034, lokacin yaron zai kai shekarun ɗalibin digiri na uku.